Muhawara: daidaita launi a hoton fuska da babban fim, a ina gyara yake farawa?

Mai Koyo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu na wannan zaure a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ina ɗaukar hoton mutane da kyamara mai cin fim na inci 4x5, kuma fim ɗin da nake sakawa shi ne Kodak Portra 160. Idan na zaunar da mutum kusa da taga, gefen fuskar da ke fuskantar taga yakan fito da shuɗi-shuɗi, gefen da ke cikin ɗaki kuma ya yi ruwan goro. Idan na rage shuɗin a kwamfuta sai ɗaya gefen ya ƙara rinewa, idan kuma na rage ruwan goron sai mutum ya fito tamkar bai da jini a jika. Abin ya fi tsanani a kan masu duhun fata. Shin filta, wato gilashi mai launi da ake sakawa a gaban kyamara, zan nema, ko fim zan sauya, ko kuwa daga wurin wanki matsalar take?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Yarinya, kafin ki sayi komai, ki amsa mini tambaya ɗaya: a lokacin da kika danna shata, wato murfin da ke buɗewa haske ya kai ga fim, fitilar ɗakin tana kunne ko a kashe take? Ina tambaya ne domin ɓacin launi iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda yakan rufe hoton gaba ɗaya, wato komai ya yi shuɗi ko komai ya yi rawaya daidai wa daida. Wannan mai sauƙi ne, ana gyara shi da filta lokacin ɗauka ko a wurin bugawa. Akwai kuma wanda yakan raba hoton gida biyu, wani sashe ya karkata ga wani launi, wani sashen ya karkata ga kishiyarsa. Wannan na biyun babu maɓallin da zai warware shi, domin duk abin da kika cire a nan kin ƙara shi a can. Yadda kika siffanta fuskar nan, na biyun ne ya same ki.

Mai Koyo:
Baba, a kunne take. Nakan bar ta ne saboda in ga idon mutum sosai a gilashin bayan kyamara, inda ake duba hoto, lokacin saiti, domin hoton da ke fitowa a gilashin yana da duhu. Yawanci ina ɗauka a f/22, wato ƙaramar ƙofar shigar haske, shata kuma rabin daƙiƙa.

Tsohon Hannu:
To ga amsarki nan. An yi Portra ne domin hasken rana ko filasha, wato haske mai kimanin 5500K a ma'aunin Kelvin na launin haske, wanda lambarsa take hawa idan haske ya karkata ga shuɗi. Hasken da ke shigowa ta tagar da ba ta samun rana kai tsaye daga shuɗin sama yake zuwa, yakan kai 7000K ko 8000K, wani lokaci ma ya wuce. Ƙwan fitilar gida mai zare kuwa yana wajen 2700K zuwa 2800K. Idonki yana sulhunta su biyun ba tare da kin sani ba, amma fim ba ya sulhu, abin da ya gani shi yake rubutawa. A rabin daƙiƙa fitilar ta sami isasshen lokacin da za ta cika inuwar fuska da launinta, tunda a gefen inuwa babu wani hasken da zai rinjaye ta. Ki yi saitinki da fitila, ba laifi, amma da zarar kin saka gidan fim ki kashe ta, ki cika inuwar da farin allo wanda zai mayar da hasken tagar kansa. Haske iri ɗaya a kan fuska ɗaya, sannan a yi maganar filta.

Mai Silaid:
Ina goyon bayan Baba, amma ina son in ƙara lissafi kaɗan, domin lambobin Kelvin suna yaudara. Tazarar 500K tsakanin 2700 da 3200 babba ce ƙwarai a ido, amma tazarar 500K tsakanin 7000 da 7500 da ƙyar ake lura da ita. Shi ya sa masu yin filta suke aiki da ma'aunin mayad, wanda ake samu idan aka raba miliyan ɗaya da lambar Kelvin. Hasken 5500K ya zama 182, na 3200K ya zama kusan 313, bambancinsu 131, kuma wannan shi ne daidai ƙarfin filtar 80A, mai shuɗin nan da ake sa wa fim ɗin rana a ƙarƙashin fitilun studiyo masu zare. Tagar 'yar'uwarmu, idan muka ɗauke ta a 7500K, ta zama 133, ƙwan ɗakinta a 2700K ya zama 370. Tazarar da ke tsakanin gefe biyu na fuskar da ke hotonta ta kai 237, kusan ninki biyu na abin da 80A take iya gyarawa. Babu fim ɗin da zai haɗiye wannan.

Bayan an kashe fitilar kuma, saura tazarar 49 tsakanin taga da fim. Filtar 81EF tana da ƙarfin 52, tana cin kashi biyu cikin uku na matakin haske (rasa mataki ɗaya shi ne rasa rabin hasken). Idan ana son gyara mai sauƙi, 81A tana da 18, 81B tana da 27, 81C tana da 35. Ni ba na ɗaukar hoton mutum a inuwa ba tare da ɗaya daga cikinsu a gaban gilashi ba.

Mai Sikana:
Malam, lissafinka daidai ne, amma ka manta cewa kai silaid kake ɗauka, ita kuwa nagatif. A Provia 100F ko Ektachrome E100, fim ɗin da ya fito daga wanki shi ne hoton, saboda haka dole ka daidaita launi tun a kyamara. Nagatif kuwa ba hoto ba ne tukuna, babu wani launinsa da za a ce shi ne na ainihi sai an juya shi a sikana ko a kan takarda, kuma a nan ne ake yanke hukunci. Tazarar mayad 49 ba komai ba ce ga Portra. Me zai sa ta ƙara gilashi a gaban gilashi, ta rasa haske, alhali tana fama da rabin daƙiƙa kuma mutum mai rai ne a gabanta, yana numfashi yana ƙyafta ido?

Mai Silaid:
Hajiya, idan haka ne, sai ki ce mata ta ɗauka a ƙarƙashin fitila mai zare ma ba tare da 80A ba, tunda sikana tana gyara komai.

Mai Sikana:
Ban faɗi haka ba, kada ka sa mini magana a baki. Ƙaramar tazara daban, babba daban.

Tsohon Hannu:
Ku dakata, kowannenku yana riƙe da rabin gaskiya. Fim mai launi yana da shimfiɗu uku, ɗaya mai jin shuɗi, ɗaya mai jin kore, ɗaya mai jin ja. Idan hasken ya dace da fim, duka ukun suna samun rabonsu daidai, kuma suna tafiya tare daga inuwa har zuwa wuri mafi haske. A ƙarƙashin fitila mai zare, shimfiɗar ja tana ƙoshi, ta shuɗi kuma tana samun ƙasa da abin da take buƙata da kusan mataki biyu. A wuraren haske za a iya ɗago ta a sikana, amma a inuwa babu abin da ta rubuta, saboda haka babu abin da za a ɗago sai ƙura da datti. Nan ne rabewar launi take sake shigowa ta bayan gida, ko da fitila ɗaya ce tak a ɗakin. Don haka a babbar tazara Malam ne ke da gaskiya: ko a sa 80A a haƙura da mataki biyu, ko a ƙara wa fim haske sosai domin shimfiɗar shuɗi ta samu. A ƙaramar tazara irin ta taga kuwa Hajiya ce ke da gaskiya, muddin an ba fim isasshen haske. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne abin da masu babbar kyamara suka fi karyawa.

Yarinya, wane gilashin gaba kike amfani da shi, kuma nawa kike jan zugazugin kyamarar, wato sashe mai naɗewa da ke tsakanin gilashin da fim, idan za ki ɗauki kai da kafaɗa?

Mai Koyo:
Gilashin milimita 210 ne, Baba. Ban taɓa auna zugazugin ba, amma yakan miƙe sosai.

Tsohon Hannu:
Ki riƙa aunawa, daga allon gilashi zuwa inda fim yake. Ki raba tsawon da kika samu da tsawon gilashin, ki ninka sakamakon da kansa. Idan zugazugin ya kai milimita 300 a kan gilashin 210, sakamakon ya kai 2, wato kin yi asarar cikakken mataki ɗaya wanda na'urar awon haskenki ba ta san da shi ba. A kyamarar 8x10 abin ya fi muni, domin kai da kafaɗa a gilashin milimita 300 yakan ja zugazugi zuwa 450, asarar ta ɗan haura mataki guda. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin maganar haske kawai, alhali maganar launi ce. Nagatif da bai ƙoshi ba inuwarsa takan fito da laka-laka, wani lokaci kore, wani lokaci shuɗi mai datti, kuma a hoton mai duhun fata rabin fuskar yana zaune ne a wannan yankin da ya lalace. Da yawa suna saita na'urar awon haskensu a lambar fim 100 maimakon 160 na Portra, domin fim ya ƙara samun haske, saboda irin wannan, kuma Portra tana ɗaukar ƙarin haske ba tare da ƙorafi ba.

Mai Ɗakin Wanki:
Tunda ta ambaci wanki, bari in ce wani abu daga ɓangarenmu. Wankin nagatif mai launi, wanda ake kira C-41, yana son ruwan farko a ma'aunin zafi 37.8 na Salshiyos, na tsawon minti 3 da daƙiƙa 15, kuma sassaucin da aka yarda da shi a zafin bai kai rabin digiri ba. Dalili shi ne shimfiɗun nan uku da Baba ya ambata suna kwance ne ɗaya bisa ɗaya, ruwan yana ratsa ta sama kafin ya kai ta ƙasa, kuma an tsara lokacin da zafin ne yadda duka ukun za su nuna tare. Idan ruwan ya huce, ko ya tsufa, ko ba a motsa shi daidai ba, wata shimfiɗa takan riga wata, sai a sami inuwa mai kore da haske mai majenta, wato ja mai shunayya, ko akasin haka. Fallen fim babba ya fi ƙaramin nadi saurin nuna wannan aibi, domin faɗinsa yana sa ruwa ya taɓa wani gefe fiye da wani.

Hanyar bambancewa mai sauƙi ce. Idan launi ya rabu bisa ga gefen da haske ya fito, dama daban hagu daban, matsalar fitila ce. Idan ya rabu bisa ga duhu da haske a ko'ina cikin hoton, har a bango da tufafi, a tuhumi wanki ko ƙarancin haske. Idan kuma ya zo a zane-zane ko gefen falle ya bambanta da tsakiya, motsa ruwan ne bai yi ba. A naki, 'yar'uwa, ban ga laifin mai wanki ba.

Mai Koyo:
Na gode ƙwarai. Saura batun duhun fata. Na sha jin ana cewa fim ɗin launi tun asali ba a yi shi domin baƙar fata ba. Shin wannan yana cikin abin da nake gani?

Mai Sikana:
Maganar tana da tushe a tarihi. Tun daga shekarun 1950, Kodak ta riƙa raba wa wuraren buga hoto wani katin gwaji da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton mace farar fata, kuma da shi aka riƙa saita injinan bugawa. Sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Wata mai bincike a Jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta yi rubutu a kan wannan a 2009. To amma kada a ɗora wa fim ɗin yau laifin na jiya. Portra ta fara fitowa a 1998, an sabunta mai lamba 400 a 2010, mai lamba 160 kuma a 2011, kuma tana da faɗin da zai riƙe farar riga da baƙar fuska a falle ɗaya. Inda gadon katin nan ya rage shi ne a saitin sikana mai sarrafa kansa, wanda idan ya ga fuska mai duhu ta cika hoto yakan ɗauka kuskure ne, sai ya haskaka ta har ta yi toka-toka.

Tsohon Hannu:
Akwai kuma dalilin da ba na tarihi ba, wanda a ganina ya fi muhimmanci ga mai riƙe da kyamara. Hasken da ke dawowa daga fata kashi biyu ne. Wani yana shiga cikin fatar ya fito ɗauke da launinta, wani kuma yana tsalle daga samanta a matsayin sheƙi, kuma shi wannan sheƙin launin fitilar yake ɗauka, ba na mutum ba. A farar fata kashin farko yana da yawa, yana danne na biyu. A fata mai duhu kashin farko kaɗan ne, saboda haka sheƙin ne yake zana goshi da karan hanci da kunci. Idan sheƙin daga shuɗin sama ya zo, goshin zai yi shuɗi ko shunayya. Idan daga ganyen bishiya ya zo, ƙarƙashin haɓa zai yi kore. Idan bango mai fenti ne a kusa, launin fentin zai hau fuska. Shi ya sa tazarar da Hajiya ta ce ba komai ba ce takan zama wani abu a nan, domin fatar kanta tana da ɗumi, sheƙinta kuma yana da sanyi, kuma filta a gaban gilashi tana ɗumama su duka biyu ne tare. Maganin yana wurin hasken: a rataya farin yadi a tagar domin sheƙin ya zama na yadi maimakon na sama, ko a matso da babban farin allo, ko a yi amfani da allo mai ɗan ruwan zinariya a gefen inuwa idan ana son ɗumi. Awon haske kuma a yi shi da na'ura mai farin ƙoƙo a daidai fuskar, tana kallon kyamara, domin ita hasken da ke sauka take aunawa, ba ruwanta da duhun fata.

Mai Silaid:
A nan na sallama, filta ba ta raba sheƙi da fata. Abin da zan ƙara shi ne filasha ta fi komai sauƙaƙa wannan aiki, kuma babbar kyamara tana da wata falala a nan. Shatar da ke cikin gilashi, irin su Copal, tana tafiya da filasha a kowane gudu. Copal 0 tana kai 1/500, Copal 1 tana kai 1/400, babbar Copal 3 kuma 1/125. Idan aka ɗauka a 1/125 da f/22, fitilar ɗaki da ƙwan saiti na jikin filashar duk ba za su bar wata alama ba, sai hasken filasha kaɗai, wanda yake kusa da abin da fim yake so. Wanda kuma yake son fitilar ɗaki ta fito a hoto, sai ya rufe filashar da ledar CTO mai ruwan lemo domin su zama iri ɗaya, sannan ya gyara duka a lokaci guda. A lura dai cewa wasu filashoshin launinsu yana ɗan sauyawa idan aka rage musu ƙarfi, kuma tsohon yadin akwatin haske yakan yi rawaya.

Mai Koyo:
Fitilun LED fa? Su ne suka fi sauƙin samu yanzu.

Mai Silaid:
Lambar Kelvin da aka rubuta a jikinsu ba ta isa shaida ba. Rana da ƙwai mai zare suna ba da dukkan launuka a jere ba giɓi, amma doguwar fitila ta fuloresan da LED mai araha suna da tudu da kwari. Fuloresan tana da ƙarfi a kore, shi ya sa ake sa mata filtar majenta kamar CC30M ko FL-D. LED kuma sau da yawa jan ne mai zurfi yake yi mata ƙaranci, kuma shi ne launin da ke ba fata rai. A duba lambar CRI, mai nuna yadda fitila take fitar da launuka daidai, amma a nemi ta R9, wato ta ja mai zurfi, musamman, domin CRI na gama-gari ba ya lissafa ta. Launin da fitila ba ta fitar ba, babu filtar da za ta ƙirƙiro shi.

Mai Sikana:
Bari in koma ɓangarena, domin rabin ƙorafin launi da nake gani a sikana aka haife shi. Nagatif yana da rufin ruwan lemo wanda aka sa da gangan domin gyara naƙasun rinin fim, kuma dole a cire shi daidai kafin a juya hoton. Ki haɗa da bakin fallen da haske bai taɓa ba a cikin sikanin, ki ɗauki ma'auni daga nan. Sannan a farkon kowane zama ki sadaukar da falle ɗaya, ko aƙalla kusurwar hoto, ga katin toka mai kashi 18 ko allon ColorChecker mai gida 24, a riƙe shi a daidai inda fuska take. Ki daidaita wannan fallen, ki kulle saitin, ki ɗora shi a kan sauran. Idan kika bar manhaja ta yanke wa kowane falle hukuncinsa, mutum ɗaya a zama ɗaya zai fito da fata iri uku, saboda kawai ya sauya mayafi ko ya matsa kusa da bango. Na san fallen 4x5 yana da tsada, amma wanda aka kashe a gwaji ya fi waɗanda za a yi kwana ana jayayya da su a gaban kwamfuta arha.

Mai Ɗakin Wanki:
Ga mai bugawa a takardar hoto mai launi ta RA-4 kuma, ƙa'idar tana zuwa a juye, kuma tana rikita sababbi: launin da ya yi yawa a takarda shi ake ƙarawa a kan injin. Hoto ya yi rawaya, a ƙara rawaya. Ya yi majenta, a ƙara majenta. Ya yi ja, a ƙara su biyun. A bar takarda ta bushe kafin a yanke hukunci, kuma a duba ta a haske mai kimanin 5000K, ba a ƙarƙashin ƙwan ɗaki ba. Haka nan a ajiye fim a firiji, a digiri 13 na Salshiyos ko ƙasa, a bar kwalin ya dawo zafin ɗaki kafin a buɗe, a kuma wanke shi da wuri bayan ɗauka, domin zafi ba ya tsufar da shimfiɗun uku da gudu ɗaya.

Mai Silaid:
Abu ɗaya ya rage tsakanina da Hajiya. Katin toka yana nuna inda tsakiya take, amma ni ban yarda hoton fuska ya tsaya a tsakiya ba. Idan aka daidaita hasken yamma har kati ya zama toka tsantsa, an kashe yammar, an mayar da ita tsakar rana.

Mai Sikana:
Ban ce a tsaya a nan ba, Malam, na ce a fara daga nan. Ni ma nakan ƙara ɗumi kaɗan bayan na sami tsakiya, sai dai a fata mai duhu nakan yi hattara, domin ƙarin rawaya da ja da ke ƙawata farar fata yakan mayar da baƙa ta zama ruwan lemo, wanda aka ɗauka kuma shi ne farkon wanda zai ce wannan ba fuskarsa ba ce. Nakan duba farin ido da haƙora da inuwar ƙarƙashin haɓa. Idan ukun ba su karkata ba, sai in motsa majenta da kore da maki ɗaya ko biyu kawai, domin a wannan layin ne ido ya fi saurin ƙin fata, fiye da layin shuɗi da rawaya.

Tsohon Hannu:
Yarinya, a zamanki na gaba ki ɗauki falle biyu na mutum ɗaya ba tare da filta ba, fitila a kashe, zugazugi a aune, kati a kusurwa: ɗaya da taga tsirara, ɗaya da farin yadi a kanta. Ki sa a wanke su tare, ki yi musu sikanin da saiti ɗaya, ki ɗora mana su a nan ba tare da kin taɓa launinsu ba, mu duba goshin.